Hawainiya a Keji: Ruwan da Ya Shiga, ta Ina Zai Fita?



Idan Bahaushe zai ja wa mutum kunne, sai ya ce masa, "Hawainiyarka ta kiyayi ramata." To ga abin mamaki. A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da ke zuwa kasuwa da kuɗinsu su sayo 'yar'uwar ramar, wato furen nan na ado dangin rama da yakuwa, su dasa a tukunya, su kai wa hawainiya har ɗaki, su ce ranki ya daɗe ga wuri. Hawainiyar da yaranmu ke jifa idan sun hango ta a kan darni, can a falo ake ajiye ta cikin keji, a sayo mata fitila, a sayo mata gyare da fara, ranar da ta tashi ba lafiya a garzaya da ita wurin likitan dabbobi.

Su kansu masu kiwon sun yarda cewa hawainiya ba dabbar ɗan koyo ba ce, kuma inda gizo ke saƙar shi ne ruwa. In an rage mata, ƙishirwa ta lalata mata ƙoda. In an cika mata ya rasa hanyar fita, laima ta kama mata huhu. A kan wannan siraɗi mai kiwo ke tafiya kowace rana ta Allah.

Bari mu fara da sanin su wa ake ajiyewa. Nau'o'in hawainiya a duniya sun haura 200, kuma kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke. Amma uku ne suka fi yawa a kejin masu kiwo. Akwai ta Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya, mai wani tudu a ka kamar ta kafa hula. Akwai ta arewaci da gabashin Madagaska, mai launuka kamar atamfa, wadda ake kiran kowane iri nata da sunan yankin da ya fito, irin su Ambilobe da Nosy Be. Sai ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya da ake kira ta Jackson, wadda namijinta ke da ƙaho uku.

Kowace da irin ruwan garinsu. Ta Madagaska ta saba da ɗumi da ruwan sama mai yawa. Ta Kenya 'yar kan dutse ce, ta saba da dare mai sanyi da hazo mai laima. Ta Yaman kuwa, da yake sunan ƙasar na sa mutum ya tuna sahara, wasu sukan ɗauka ba ta bukatar ruwa sosai. Kuskure ne. A kwaruruka masu bishiyoyi da gangaren tsaunuka take zama, inda rana ke bushewa amma dare ke saukar da raɓa.

A nan ne sirrin yake. Hawainiya, in ban da ɗaiɗaiku, ba ta shan ruwa a kwano. Ka ajiye mata tasa cike da ruwa kamar yadda kake wa kaza, za ta iya wuni a kanta da ƙishirwa ba ta tanka ba. Dabbar kan reshe ce, idonta ya saba da ɗigon da ke ƙyalli a gefen ganye, ko wanda ke gangarowa yana motsi. Shi take gani ta matso a hankali, da tafiyar nan tata ta in taka in fasa, ta lasa. Saboda haka aikin mai kiwo shi ne ya ƙirƙiro mata raɓa da yayyafi a cikin ɗaki, cikin kejin raga mai faɗin ƙafa biyu kowane gefe da tsawon ƙafa huɗu, wanda shi ne girman da aka saba ba babbar hawainiya.

Hanya uku ake bi. Ta farko feshi, ko da gorar feshi ta hannu irin ta masu aski da masu lambu, ko da inji mai famfo da agogo da ke fesawa da kansa a lokacin da aka saita masa, irin wanda kamfanin MistKing ke yi. Ta biyu ɗigo: gora ce a saman keji da 'yar ƙofa, tana sakin ruwa ɗis, ɗis, a kan ganye. Ta uku injin hazo, mai mayar da ruwa kamar hayaƙi mai sanyi.

Yaushe ake feshin? Shekarun baya, abin da aka saba shi ne a yi ta fesawa da rana, sau uku, sau huɗu, fitilar zafi na kunne. Daga baya masu zuwa daji suna kallon dabbar a garinsu, cikinsu har da Petr Necas, masanin hawainiya ɗan ƙasar Cek, suka jawo hankali cewa an juya lissafin. A daji, dare ne mai laima da sanyi, rana kuma mai bushewa da ɗumi. A keji sai aka wayi gari rana ce jiƙe da zafi, dare kuma bushe. Yanzu tsarin da da yawa suka koma shi ne feshi sau biyu: da asuba kafin a kunna fitilu, don ta farka ta tarar da ganye jiƙe kamar an yi raɓa, sai kuma da daddare bayan an kashe su. Tsakanin nan, in ana so, a saki ɗigo na ɗan lokaci da hantsi ko da la'asar.

Tsawon feshin ma abin lura ne. Fesawar daƙiƙa goma ta fita kunya ce kawai. Hawainiya ba ta da gaggawa a komai, har a sha. Takan ɗauki lokaci tana jin ruwa na sauka kafin ta soma motsa baki, shi ya sa ake ba da minti biyu zuwa biyar. A lokacin ne kuma take wanke idonta: za ka ga ta kumbura ƙwayar idon tana jujjuya shi, kada ka tsorata, tsafta take. Sai dai ba a saita mata bakin feshi a fuska kamar mai kashe gobara, ba a kuma watsa mata ruwan sanyi tana tsakiyar shan ɗumi. A fesa sama, ya sauko kan ganye kamar yayyafi, a bar mata wani lungu busasshe da za ta fake in ba ta so.

Injin hazo kuwa yana da sharaɗi ɗaya da bai kamata a karya ba: sai da dare, kuma sai ɗakin ya yi sanyi, ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Masu kiwo har yanzu suna ja-in-ja kan ko shaƙar hazo kaɗai na kashe wa hawainiya ƙishirwa. Wasu sun rantse da shi, wasu sun ce a bar shi a matsayin ƙari, kada ya maye gurbin ɗigon da za ta lasa. Amma duk bakinsu ɗaya a kan cewa zafi da laima da iskar da ba ta motsi, in suka haɗu a keji guda, an yi wa ƙwayoyin cuta shimfiɗa. Ga ta Yaman, abin da ake nema shi ne laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 da rana, da dare ta haura 80. Ana sanin haka da ɗan ma'aunin laima da ake ratayawa a tsakiyar keji, ba da ƙiyasin fatar jiki ba.

To yaya mutum zai gane ruwan na isarta, alhali sau da yawa ba ta sha a gaban mutane? Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san kashin ƙadangare, baƙi da ɗan fari a kai. Wannan farin shi ne fitsarinsa, don su ba sa fitsari kamar akuya. Haka na hawainiya yake. In farin ya fito fari tas, ko da ɗan rawaya kaɗan a gefe, ruwa na isa. In ya koma ruwan goro, ya yi tauri, ƙishirwa ta soma aiki. In ido ya faɗa ciki, abin ya yi nisa, ko kuma akwai wata cuta, sai likita. Ƙishirwar da ta daɗe tana kashe ƙoda, tana kuma tara gishirin fitsari a gaɓɓai har ƙafa ta kumbura, dabbar ta kasa riƙe reshe.

Yanzu mu zo kan rabin da aka fi mantawa da shi. Maginin gargajiya ba ya sauka daga kan soro bai sa indararo ba, ba ya kuma gama katanga bai bar wuriya ba, don ya san ruwan da aka hana hanya shi ke nema wa kansa, kuma ta inda ba a so. Amma sabon mai kiwon hawainiya sai ya kashe kuɗi a kan injin feshi da fitilu da furanni, bai taɓa tambayar kansa ina ruwan zai tafi ba.

Mu yi lissafi tare. Ɗigo ashirin kusan mililita ɗaya ne. Gorar da ke sakin ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, cikin awa guda ta saki ɗigo 3,600, wato mililita 180. In aka bar ta awa shida, ruwan ya haura lita guda, ya fi ledar fiya-wata biyu. Ba a sa na feshin safe da na dare ba. Abin da hawainiya za ta lasa daga ciki bai taka kara ya karya ba. Duk sauran ƙasan keji zai sauka, yau da gobe da jibi.

Kuma ba ruwan randa ne ke kwanciya a wurin ba. Ya wanko kashi, ya haɗu da gyaren da ya faɗa ya mutu, da ganyen da ya ruɓe, ga fitila na ɗumama shi daga sama. Kwana kaɗan sai wari, sai funfuna, sai ƙananan ƙudaje. Gyaren da ya tsira ya bi ta cikin wannan kwatami ya hau reshe, hawainiya ta harbo harshe ta haɗiye shi da duk abin da ya kwaso. Reshen da ba ya bushewa yana sa tafin ƙafarta ya yi gyambo. Iskar da take shaƙa dare da rana kuma ta zama ta bakin kududdufi. Daga nan sai ka ga tana ɗaga hanci sama, tana buɗe baki ba don zafi ba, yawu mai yauƙi ko kumfa a baki, numfashi na ƙara. Ciwon huhu ke nan, kuma hawainiya gwanar ɓoye ciwo ce. Ranar da ka gani da ido, ya riga ya kwana biyu a jiki.

Maganin ba tsada ne da shi ba, tunani yake so tun kafin a kawo dabbar. Hanya mafi sauƙi: a bar ƙasan keji fili ba a zuba komai ba, a huda shi ƙananan huji a inda ruwa ke taruwa, a ɗora kejin a kan teburi ko kanta mai raga, a sa babban faranti ko mazurari a ƙasa, tiyo ya kai ruwan cikin bokiti. Wasu sukan ɗora tukunyar fure mai nauyi a tsakiya don ƙasan ya ɗan lotsa, ruwan duk ya gangaro wuri guda. Wasu su ɗan karkata kejin kaɗan. Tukwanen furen kansu su zama masu huji, a ɗaga su kada su zauna cikin ruwa, don saiwar da ta kwana a ruwa ruɓewa take. A rufe baya da gefe ɗaya ko biyu da leda mai kauri don kada feshi ya riƙa dukan bango, amma a bar gaba da sama iska na ratsawa. Bokitin kuma a zubar kullum. Mu da muka san sauro ba sai an yi mana dogon bayani ba: a lokacin zafi, kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo.

Akwai hanya ta biyu, ta waɗanda suka ƙware, inda ake mayar da ƙasan keji ɗan ƙaramin daji. A can ƙasa a zuba ƙwallayen yumɓu gasassu, a shimfiɗa raga a kansu, sannan a zuba ƙasar shuka, a saki wasu ƙananan ƙwari masu cin ruɓaɓɓen ganye da kashi. Ruwan da ya tsiyaye sai ya taru tsakanin ƙwallayen, bai taɓa saiwa ba. Abin sha'awa ne, amma ko shi sai an bar bututu a kusurwa da za a riƙa zuƙe ruwan in ya taru. In ba haka ba, wata uku ka buɗe ka ji warin fadama.

Abu biyu kuma a guje su. Na farko, zuba yashi ko ɓawon itace ko tsakuwa a ƙasa da sunan su shanye ruwa. Ba sa kawar da shi, ɓoye shi suke, kuma harshen hawainiya mai danƙo ne, yakan kwaso su tare da ƙwaro su toshe mata hanji. Na biyu, ɗan magangarin ruwan nan na ado da ake sayarwa, mai famfo da ke juya ruwa guda. Yana da kyau a ido, amma ruwa ɗaya ne ke zagayawa, ita kuma takan yi kashi a ciki, sannan ta sha.

Ƙa'idar dai ɗaya ce, kuma ita ce jigon maganata a yau: keji ya jiƙe da dare, ya bushe da rana. In ka sa hannu da azahar ka ji reshe da ƙasan keji da danshi, to ko dai feshin ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ko magudana ta toshe.

Irin ruwan ma da magana. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin tabo a ganye, yana toshe bakin injin feshi, shi ya sa masu inji suka fi son tataccen ruwa. Tankin injin da tiyonsa, musamman na hazo, suna son wanki a kai a kai, don ciki yakan yi yauƙi, sai ya zama cuta kake fesa wa dabbar a huhu da hannunka. Wayoyin lantarki su kasance sama da inda ruwa ke bi, soket kada ya zauna a ƙasa kusa da bokiti. Sannan ruwan da aka kwashe najasa ce. Dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a hanjinsu ko da lafiyarsu ƙalau, mai sa gudawa da zazzaɓi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana gargaɗin kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa taɓa irin waɗannan dabbobi. A zubar da ruwan a masai, ba inda ake wanke kwanuka ba, a kuma wanke hannu da sabulu.

Wani zai ce, Malam, mu ina ruwanmu da dabbar falon Turawa? Akwai ruwanmu. Shekaru da yawa ana kwasar hawainiyar yankinmu na Afirka ta Yamma, musamman ta Togo da Benin da Gana, ana kai ta kasuwannin dabbobi na ƙetare, kuma da yawa sukan isa can a galabaice, ƙishirwa ta gama da su a hanya. Cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da aka ƙulla a Washington a 1973, wadda Nijeriya da Nijar da Gana duk suna ciki, don haka fitar da ita sai da takardar izini. Tarihi ma ya ajiye mana darasi. A 1972 wani mai shagon dabbobi a tsibirin Oahu na Hawai ya karɓi odar masu ƙaho uku daga Kenya, suka iso a rame a bushe. Sai ya sake su a bishiyoyin bayan gidansa don su farfaɗo ya sake kamawa. Suka farfaɗo, suka bazu, yau sun zama annoba ga ƙwari da dodon koɗin tsibirin. Abin da akwati ya hana su, raɓar bishiya ta ba su.

Kuma yanzu da waya ta kawo duniya tafin hannu, matasanmu na ganin bidiyon waɗannan kejuna suna sha'awa. Ɗan'uwa, kafin ka kama ta kan darni ka jefa a kwali, yi wa kanka hisabi. A watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, rana na haura digiri 40, dare kuma ba ya kusantar 20, ka ga injin hazo a irin wannan ɗaki guba ne, mai ƙaho uku kuwa ba za ta kai labari ba. Da hunturu iska na bushewa har leɓe ya tsage, ganyen da ka fesa ya bushe kafin ka ajiye gora. Injin da ke dogara da agogon lantarki, ranar da aka ɗauke wuta shi ma ya tafi hutu. Ga fitila ta musamman da take bukata a madadin hasken rana, wadda in babu ita ƙashinta ke laushi ya lanƙwashe. Tamu ta Sahel ta san yadda take bi da raninta da damina a kan bishiyarta, amma a kwali ba ta da dabara ko ɗaya, sai abin da ka ba ta.

Kuma a daina jifanta. Hawainiya ba ta da dafi, fara da ƙudaje da sauran ƙwarin da ke ɓata amfanin gona su ne abincinta.

Saboda haka, mai sauraro, in har ka ɗauri aniyar kiwonta, ka haɗa kejin tukuna, ka dasa furannin, ka yi ta feshi mako guda babu dabba a ciki, kana duba inda ruwa ke kwanciya da lokacin da yake bushewa. Ranar da ka ga bokiti na cika, ƙasan keji kuma bushe da azahar, ranar ka cancanci kawo ta. In ka san ba za ka iya tashi feshin asuba da zubar da bokiti kullum ba, ka bar ta a kan reshenta, can raɓa kyauta ce.